Malam, A Ƙirga Gawarwakin Tukuna

Maƙalar da wani malami ya rubuta kan labaran mutanen da ke rikiɗa su koma kyarkeci, ta cancanci a tanka mata. Ya ɗauko abin da yawancinmu ke yi wa kallon shirmen Turawa, finafinan da yara ke kallo su kasa fita fitsari da dare, ya zauna ya yi masa karatun natsuwa. Wannan kaɗai abin a yaba ne. Inda karatun ya kai shi ne ban yarda da shi ba.

Ga abin da ya ce a taƙaice, don kada a ce na yi masa ƙage. Ya ce mutumin da kyarkeci ya ciza a waɗannan labarai yana wakiltar wanda wata musiba ta afka wa ta bar masa tabo a zuciya, ko yaƙi ne, ko fyaɗe, ko dukan da ya sha tun yana ƙarami. Ya ce rikiɗar da yake yi duk daren da wata ya cika ita ce dawowar abin da ya faru, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Daga nan sai ya ce darasin labaran shi ne juriya, wai suna koya wa mai tabo ya daina gudun dabbar da ke cikinsa, ya rungume ta, ya mayar da ita ƙarfi. Ya rufe da cewa kallon irin waɗannan finafinai ma horo ne ga zuciya, har ya kafa hujja da wani bincike.

Rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma da Malam ya daɗe a kansa da ya fi masa. A Turai ta da, sau da yawa mai rikiɗa mugu ne da ya zaɓi muguntarsa. A 1589 an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus, bayan an gana masa azaba ya amsa cewa Shaiɗan ne ya ba shi wata ɗamara da yake ɗaurawa ya zama kyarkeci. Wannan bai yi nisa da abin da muka tashi muna ji game da masu rikiɗa kura ba, wato asiri ne mutum ya je ya nemo da ƙafarsa. 'Yan fim ne suka yayata sabon salo, a Werewolf of London na 1935, sannan The Wolf Man na 1941. A nan mutumin kirki ne aka ciza, bai roƙa ba, bai saya ba. Da wannan canji labarin ya tashi daga na mai laifi ya koma na wanda aka zalunta.

Wanda ya rubuta The Wolf Man ya san zalunci da idonsa. Curt Siodmak Bayahude ne haifaffen Dresden, ya bar Jamus a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, ya bi ta Ingila ya ƙare a Amurka a 1937. Daga baya shi da kansa ya kwatanta halin da ya shiga da na jarumin fim ɗin, mutumin da aka ɗora wa ƙaddarar da bai zaɓa ba. Larry Talbot ya dawo gidan mahaifinsa a Wales bayan rasuwar ɗan'uwansa, ya je ceton wata yarinya da dabba ta kai wa hari, aka cije shi. Tun daga ranar ya riƙa farkawa da asuba ƙafafunsa duk laka, bai san inda ya kwana ba. Ya gaya wa mahaifinsa, ya gaya wa likita, kowa ya ce ruɗu ne kawai ke damunsa. Duk wanda ya taɓa zama da mai irin wannan ciwo ya san cewa rashin yarda da maganarsa wani ciwo ne na biyu.

An American Werewolf in London na John Landis, wanda ya fito a 1981, ya fi shi zurfi a wannan fanni. Samari biyu Amurkawa suna yawon buɗe ido a arewacin Ingila, dabba ta far musu da dare, Jack ya mutu, David Kessler ya rayu. Da harin ya fara David gudu ya yi, sai daga baya ya juyo, kuma fim ɗin bai bar shi ya manta da wannan ba. A asibiti a Landan yana mafarkin dodanni sanye da kayan sojan Nazi sun shigo gidansu sun kashe iyayensa da ƙannensa, ya farka, ashe farkawar ma mafarki ce. 'Yan sanda sun ce wani mahaukaci ne ya kai musu hari, mutanen ƙauyen da suka san gaskiya sun yi gum. Sannan ga Jack yana dawo masa, kowane zuwa gawarsa ta ƙara ruɓewa. Ban san wani fim da ya fi wannan nuna tuhumar da wanda ya tsira ke yi wa kansa ba: me ya sa ni na rayu, shi ya tafi?

Gyara ɗaya kafin mu wuce. Malam ya ce fim ɗin ya samo asali ne daga matakin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ɗauka a 1980, na shigar da ciwon firgicin bayan musiba cikin kundinsu na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Vietnam. Shekarar daidai ce, amma Landis ya rubuta labarinsa tun 1969, yana ƙaramin ma'aikaci a wajen ɗaukar wani fim a Yugoslavia. Kuɗin yi ne bai samu ba sai bayan shekara goma da 'yan kai.

To, yanzu ga tambayata. Me Jack yake zuwa ya gaya wa David? Cewa yake ya kashe kansa. A zuwansa na ƙarshe, cikin wata sinima a Piccadilly Circus, ya zo masa da mutum shida da David ya kashe a daren da ya gabata, suka zauna suna ba shi shawarar hanyar da ta fi sauƙi. Fim ɗin ya ƙare a wani lungu, Alex, ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauke shi zuwa gidanta, tana gaya masa tana son sa, ya zabura, 'yan sanda suka buɗe masa wuta. Larry Talbot fa? Mahaifinsa ya ɗaure shi a kujera don ya nuna masa babu abin da zai faru. Larry ya roƙe shi ya tafi da sandarsa mai kan azurfa. Da wannan sanda uban ya yi ta dukan wata dabba a daji har ta mutu, ya tsaya yana kallo ta koma ɗansa.

A ci gaba da ƙirga. Ginger Snaps na ƙasar Kanada, 2000, labarin 'yan mata biyu 'yan uwan juna ne. An ciji Ginger a daren da ta fara ganin jinin al'ada, ƙanwarta Brigitte ta yi duk abin da za ta iya, har ta yanki tafin hannunta ta haɗa jininta da na yayarta don ta yarda ta biyo ta gida. A ƙarshe tana riƙe da allurar magani a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan, kuma wuƙar ce ta shiga. A kashi na biyu, 2004, ita Brigitte ɗin ta gano maganin jinkirtawa kawai yake yi, aka kai ta gidan gyaran 'yan ƙwaya saboda tabon allurai a hannunta, ta ƙare a kulle a ƙarƙashin ƙasa. Wolf Man na Leigh Whannell, 2025, wanda Malam ya yaba da cewa ya fito da yadda tabo ke bin jini daga uba zuwa ɗa, ya ƙare ne da matar Blake ta harbe shi a gaban 'yarsu. Uba, ƙanwa, mata. Mai ciwon yana mutuwa, kuma galibi a hannun wanda ya fi son sa, labarin kuma yana shirya mu mu ji cewa jinƙai aka yi masa. In wannan ne juriya, to Allah ya raba mu da ita.

Sau ɗaya Larry Talbot ya warke. Kamfanin Universal ya tono shi daga kabari a 1943, ya yi ta yawo yana neman wanda zai kashe shi ya huta, har a House of Dracula na 1945 wani likita ya yi masa aiki a kai ya samu lafiya, ya tsaya ya kalli wata da idon mutum. Shekara uku bayan haka aka dawo da shi cikin fim ɗin barkwanci na Abbott da Costello, yana rikiɗa kamar da, ba tare da wani ya yi bayanin inda warakar ta tafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai ciwon da ya warke ba ya sayar da tikiti.

Amma fim ɗin da ya fi rusa maganar Malam shi ne wanda ya ambata a layi ɗaya ya wuce, The Howling na Joe Dante, shi ma 1981. Karen White mai karanta labarai ce a talabijin. Ta taimaka wa 'yan sanda su kama wani mai kisan gilla da ke bibiyar ta, ta shiga ɗaki ɗaya da shi, ta ga abin da ta gani, ƙwaƙwalwarta ta shafe shi. Ta koma aiki, fitilun ɗakin labarai suka haska ta, ta daskare ta kasa cewa uffan. Likitanta, Dokta Waggner, ya tura ta da mijinta wani sansanin hutawa a bakin teku inda yake kula da marasa lafiyarsa. Wannan likita, tun a farkon fim ɗin, an nuna shi a talabijin yana wa'azin cewa danne dabbar da ke cikin mutum shi ne tushen ciwon zuciya, kada a yi musun ta, a dai san yadda za a bi da ita. Malam ya duba maƙalarsa ya duba wannan wa'azi, ya gaya mana bambancinsu.

Sansanin kuwa gaba ɗayansa na masu rikiɗa ne, har da likitan. Almajiransa sun ɗauki rabin karatun, wato rungumar dabbar, suka yi watsi da ɗaya rabin. Yana ce musu su haƙura da naman shanu su zauna lafiya da mutane, suna ce masa sun gaji. Da aka harbe shi da harsashin azurfa, godiya ga Allah ya yi kafin ya faɗi. Karen ta tsere, amma an cije ta a hanya. Ta koma gaban kyamara ta rikiɗa a idon duniya don a yarda da ita, abokin aikinta ya harbe ta kamar yadda suka shirya, masu kallo a gida wasu suka ce ai dabarar fim ce. Matar da ta ba da ranta don a gaskata ta, ba a gaskata ta ba. Joe Dante ba'a yake yi wa masu irin nasihar Malam, waɗanda suka cika California a shekarun 1970, kuma Malam ya kira shi shaida bai lura ba.

Duk wannan gardamar masu kallon fim ce, da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na ɗauka shi ne dokar da ke ƙarƙashin labaran, wadda Malam ya karɓa bai bincike ta ba: wanda aka ciza, zai yi cizo. A duniyar kyarkeci wannan ba ya kuskure. Da zarar haƙori ya shiga, magana ta ƙare, saura jiran wata. In aka ce cizon nan shi ne fyaɗe ko duka ko yaƙi, kamar yadda Malam ya ce, to an ce duk wanda aka yi wa fyaɗe haɗari ne ga jama'a, duk yaron da aka daka zai daki nasa.

An auna wannan magana, kuma ba ta tsaya ba. A 1989 Cathy Spatz Widom ta wallafa bincike a mujallar Science. Ta bi sawun yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su a wani yanki na Amurka tsakanin 1967 da 1971, ta gwada su da wasu yara 667 masu irin shekarunsu da unguwanninsu. Ta samu cewa waɗanda aka zalunta sun fi faɗawa hannun hukuma, wannan gaskiya ne. Amma a laifin da ya shafi cutar da wani, kusan 11 cikin 100 ne aka kama, a ɗaya ɓangaren kusan 8 cikin 100. Akwai tazara, ba a musu. Sai dai kusan tara cikin goma na yaran da aka zalunta ba a taɓa kama su da taɓa lafiyar kowa ba. Labarin kyarkeci ba shi da gurbin waɗannan tara.

Littafin da ya fi kowanne fito da munin dokar shi ne The Werewolf of Paris na Guy Endore, 1933. Bertrand Caillet ba a ma cije shi ba. Wani limamin coci ne ya yi wa uwarsa fyaɗe tana yarinya 'yar aiki, aka haife shi a daren Kirsimeti, la'anar ta zo tare da shi. Endore marubuci ne mai wayo, ya kai Bertrand birnin Paris a 1870 da 1871, lokacin yaƙi da Jamusawa da tawayen da ya biyo baya, ya sa mai riƙonsa Aymar ya tsaya yana kallon sojojin gwamnati suna harbe dubban mutane cikin mako guda a watan Mayu, har ya fara tambayar kansa ko 'yan gawarwakin Bertrand sun kai a yi maganarsu. Tambaya ce mai kyau. Amma yaron dai ya ƙare a gidan mahaukata, ya faɗo daga sama ya mutu, kuma littafin bai taɓa shakkar cewa jininsa ne gurɓatacce ba.

A nan ne abin ya daina zama na Turawa. A 2016 ƙungiyar International Alert da UNICEF sun fitar da rahoto kan matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram a jihar Borno da 'ya'yan da suka haifa a can. Abin da suka tarar shi ne mutane na gudun matan, wasu na kiran su annoba, ana kuma cewa jariran sun gaji mugun jinin ubanninsu, in sun girma za su juyo kan jama'a. Ba fim ne ya koya wa mutanenmu wannan ba, tsoro ne irin na ɗan Adam a ko'ina. Amma marubucin da zai gaya wa masu karatun Hausa cewa labarin Bertrand magani ne, ya kamata ya san cewa akwai unguwannin da ake yi wa yara na gaske irin kallon da aka yi wa Bertrand. Ko J. K. Rowling, wadda ta ce ta ƙirƙiri mai rikiɗa Remus Lupin a littattafanta ne don nuna ƙyamar da ake yi wa masu cututtuka irin su ƙanjamau, ta faɗa wannan rami, domin wanda ya ciji Lupin, Fenrir Greyback, da gangan yake bin yara yana shafa musu. Abin da maƙiyan masu ƙanjamau ke faɗa ke nan tun shekarun 1980.

Binciken da Malam ya kafa hujja da shi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Na Coltan Scrivner ne da abokan aikinsa, ciki har da Mathias Clasen na jami'ar Aarhus a Denmark, an wallafa shi a 2021. Mutum 310 aka yi wa tambayoyi a farkon annobar korona, masu son finafinan ban tsoro suka ce damuwarsu ba ta kai ta sauran ba. Abin sha'awa ne. Sai dai amsa tambayoyi ne mutane suka yi game da kansu, ba a ware finafinan kyarkeci ba, ba a kuma nemi masu tabon yaƙi ko fyaɗe ba. Yana yiwuwa kallon ne ya ƙarfafa musu zuciya, yana yiwuwa masu ƙarfin zuciya ne dama ke iya kallon. Daga nan zuwa cewa a kunna wa wanda ya ga an yanka ɗan'uwansa fim ɗin Landis, tafiya ce mai nisa.

Shin babu juriya ke nan a labaran kwata-kwata? Akwai, amma ba a inda Malam ya je nema ba. Shi ya leƙa cikin ƙirjin mai ciwon. Da ya waiga gefensa da ya gan ta.

Lupin ya yi karatu ne saboda shugaban makaranta ya karɓe shi, ya tanadar masa wurin da zai riƙa ɓuya duk wata. Abokansa uku suka shafe kusan shekara uku suna koyon rikiɗa zuwa wasu dabbobi, don kawai kada ya riƙa kwana shi kaɗai a waɗannan darare. Ranar da asirinsa ya tonu yana malami, ranar ya ajiye aiki, domin ya san iyayen yara ba za su yarda ba. Ƙarfin zuciyarsa bai canza ba tsakanin jiya da yau, mutanen da ke kewaye da shi ne suka canza.

Hujja mafi ƙarfi da Malam zai iya kawowa, kuma bai kawo ba, ita ce Mongrels na Stephen Graham Jones, 2016. Jones ɗan ƙabilar Blackfeet ne, cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Yaron da ke ba da labarin maraya ne, uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, yana hannun innarsa Libby da kawunsa Darren, dukkansu masu rikiɗa. Suna yawo a jihohin kudancin ƙasar Amurka cikin tsofaffin motoci, daga wannan gidan haya zuwa wancan, aikin dare, gudun 'yan sanda, kuɗin mai ba ya isa. Yaron nan ƙagara yake ya rikiɗa, tsoronsa kada ya tashi bai gaji danginsa ba. Ga mai rungumar dabba nan, na yarda. Amma a duba abin da yake runguma. Dangi ne. Littafin cike yake da karatun da manya ke ba yaro, har da irin tufar da bai kamata mai rikiɗa ya sa ba don kada ta narke cikin fatarsa in ya dawo mutum. Libby ta sha komawa aikin da take ƙi don yaron ya je makaranta. A cire ta daga littafin, yaron ba zai kai babi na uku ba.

Masana ma can suka dosa. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a mafi munin hali, talauci da rikicin gida da iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa da abin yi. Daga cikin abubuwan da suka yi ta maimaituwa a tarihinsu akwai samun babban mutum ko da ɗaya ne, kaka ko inna ko malamin makaranta, wanda ya riƙe su bai sake ba. Judith Herman kuma, a littafinta Trauma and Recovery na 1992, ta sa samun aminci a matakin farko na warkewa, kafin a zo ga tuna abin da ya faru, ta sa komawa cikin mutane a matakin ƙarshe. Babu matakin da mutum ke hawa shi kaɗai.

Abin mamaki, wadda ta fi kowa fahimtar wannan ta riga Hollywood da shekara ɗari bakwai da ɗoriya. Marie de France ta rubuta Bisclavret a ƙarshen ƙarni na 12. Wani basarake ne a yankin Brittany, yana ɓacewa kwana uku duk mako. Matarsa ta matsa masa har ya gaya mata cewa kyarkeci yake zama, ta ƙara matsawa ya faɗi inda yake ɓoye tufafinsa, cikin wani dutse mai rami kusa da tsohuwar coci, kuma in babu su ba zai iya dawowa mutum ba. Tsoro ya kama ta. Ta aika wa wani barde da ya daɗe yana neman ta, ya je ya sace tufafin, ta aure shi. Mijin ya shekara a daji.

Ran nan sarki ya fita farauta, karnuka suka rutsa kyarkecin. Maimakon ya yi faɗa, sai ya ruga wajen sarki ya kama likkafarsa yana sumbatar ƙafarsa. Sarki ya ce wannan dabba tana da hankali, a kore karnuka. Ya tafi da shi fada, ya hana kowa taɓa shi, ya sa a riƙa ba shi abinci, yana kwana cikin barade. Bai taɓa yi wa kowa ko gurnani ba, sai ranar da barden nan ya zo biki ya far masa, sai kuma ranar da matar ta zo gaisuwa ya cizge mata hanci. Fadawa suka zaro takubba. Wani dattijo mai hikima ya ce a dakata, dabbar da ta zauna da mu tsawon wannan lokaci ba ta cuci kowa ba, in ta ware mutum biyu, a tambayi mutum biyun. Aka tambaya, gaskiya ta fito, aka kawo tufafin aka ajiye a gabansa.

Ko kallon su bai yi ba. Dattijon nan ya sake magana, ya ce ranka ya daɗe, kunya yake ji, ba zai canza a gaban jama'a ba, a kai shi ɗaki a bar shi shi kaɗai. Sarki da kansa ya kai shi ɗakinsa ya rufe ƙofa. Da aka buɗe bayan wani lokaci, mutum aka tarar yana barci a gadon sarki. A lissafa abin da ya dawo da shi: wani ya hana a kashe shi, wani ya yarda cewa fushinsa yana da dalili, aka mayar masa da abin da aka ƙwace, aka kuma sakaya shi. Bai rungumi komai ba, bai zama mai ƙarfi fiye da da ba. Dabbar tana nan, labarin bai ce ya daina rikiɗa ba. Gidansa da ƙasarsa aka mayar masa.

In Malam zai mayar mini da martani, ina ba shi shawara ya fara daga Bisclavret, don ya fi duk finafinan da ya lissafa kusa da abin da yake son faɗa. Sai dai ya shirya wa ƙarshensa. Matar nan azabtar da ita aka yi kafin ta yi magana, alhali asalin laifinta tsoro ne, irin wanda zai kama kowace mace da ta ji mijinta yana zama dabba kwana uku a mako. Aka kore ta daga ƙasar tare da barden. Marie de France ta ƙara da cewa da yawa cikin 'ya'ya matan zuriyarta ba su da hanci aka haife su. Su waɗannan 'yan mata ba su saci tufar kowa ba, kuma zan so in ji a wane shafi na maƙalar juriya Malam zai sa su.